Ƙarfin Damtse Ba Ya Hana Jini Hawa

Duk wanda ya bi ta Bachirawa, ko Rijiyar Zaki, ko Kadawa da sanyin safiyar Asabar ko Lahadi, bayan an sallame sallar Asuba gari ya fara wayewa, zai ga abin da zai faranta masa rai. Filayen makarantun firamare cike suke da samari. Waɗansu na zagaya fili da gudu sahu-sahu, waɗansu na buga ƙwallo, waɗansu kuma sun ware gefe guda suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da hannunsu, wato sandar ƙarfe da gwangwanaye biyu cike da siminti. Da yawa daga cikinsu 'yan uwa ne masu karanta wannan jarida. Mun sha yin kira ga wannan abu a waɗannan shafuka, kuma har gobe ba mu janye ba, domin addinin da muke kira zuwa gare shi ba ya son raggo, kuma sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. To amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da ba mu gani a waɗannan filaye, kuma rashinsa ya soma ci mana mutane. Abin nan kuwa shi ne na'urar awon jini.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau. A ranin da ya wuce, mahaifin wani ɗan uwa daga cikin masu ja mana gudu yana alwalar La'asar a ƙofar gidansa, sai buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, maganarsa ta harɗe. Dattijon manomi ne, bai kai shekara sittin ba, ba shi da tumbi, bai taɓa sa taba a bakinsa ba. A gida aka ce iska ce ta buge shi, waɗansu suka ce a'a, jifa ne, tunda an san yana rigimar iyakar gona da wani. Kwana uku cur ana hayaƙi ana shafe-shafe. A rana ta huɗu aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a birni, da aka gwada shi lambar sama ta haura 200, likita ya ce wannan jini ya yi shekaru yana hawa ba wanda ya sani. Yau dattijon yana kwance, sai an tayar sai an kwantar, gonar da ake rigima a kan iyakarta kuwa an jinginar da ita don sayen magani.

Ba a nan labarin ya ƙare ba. Ɗan uwan namu yana zaman jinya, wani malamin asibiti da ya gama auna mahaifin ya juyo ya ce masa, "Ɗan samari, kawo hannunka kai ma." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ni da nake zagaya fili sau ashirin ban tsaya ba?" Malamin ya ce, "Ai ba ƙafarka zan auna ba." Aka gwada, jini ya hau. Aka sake bayan kwanaki, bai sauka ba. Wannan ɗan uwa bai cika shekara talatin ba, kuma da za a jera mu a fili a ce a nuna mai lafiya, shi kowa zai nuna.

Ya kamata 'yan uwa su fahimci wannan ciwo da kyau, domin yawancinmu abin da muka ji a majalisa kawai muka riƙe. Ana cewa ciwon masu kuɗi ne, ko ciwon tsofaffi, ko kuma ciwon wanda tunani ya yi wa yawa. Ana cewa mai shi yana jin ciwon kai da jiri. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan masu hawan jini ba su jin komai. Jini ne ke tafiya cikin jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima, kamar ruwan da injin ban-ruwa ke turawa cikin tiyon da bai kai ƙarfinsa ba. Tiyon ba ya fashewa ranar farko. Shekara da shekaru zuciya na wahalar turawa har ta kumbura, ƙoda na lalacewa a hankali, ido na dusashewa, har ranar da wata jijiya a ƙwaƙwalwa za ta fashe ko ta toshe, sai a ce wane ya faɗi. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce masu wannan ciwo a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin kowane biyar ba su samun maganin da ya ishe su. Wanda yake ganin ƙarfinsa zai kare shi, to ya tambayi yayyensa labarin Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Nijeriya da ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, yana da shekara 25. Rahoton binciken gawarsa ya nuna kumburin zuciya da hawan jini. Wa ya fi shi tirenin a cikinmu?

Ciwon suga ma ɗan uwan tafiyarsa ne. Shi ma yakan daɗe a jiki kafin ƙishirwa da yawan fitsari da rama su tona shi, wani ma sai ya taka ƙaya gyambon ya ƙi warkewa sannan a gane.

Dattawan wannan yanki sukan ce a zamaninsu ba su san waɗannan cututtuka ba. Muna girmama maganarsu, amma wani ɓangare na amsar shi ne a lokacin babu mai aunawa, wanda ya faɗi sai a ce kwanansa ne ya ƙare. Ɗaya ɓangaren kuma gaskiya suka faɗa, rayuwa ta canza. Ƙasar Ungogo tana cikin karkarar nan ta kewayen Kano da ta yi suna wajen cunkoson jama'a da noma kowane taƙi na ƙasa ba hutu, har masu bincike daga ƙasashen waje suka yi ta rubutu a kanta tun shekarun 1960. Kakanninmu na Fanisau da Rangaza da Karo sukan ɗora wa jaki itace su kora shi da ƙafa zuwa birni, su dawo da shi ɗauke da taki, kullum ta Allah. Tuwon dawa ne da miyar kuka da daddawa, sai fura da rana. Yau fa? Birni ya haɗiye rabin ƙaramar hukumar, wadda tun ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 360,000. An yanka gonaki an mayar da su filotai. Ɗan manomin jiya shi ne direban Adaidaita Sahu na yau, yana zaune a kan kujera tun safe har dare, ko yana tsaron shago a Kwari ko Singa, ko yana zaune a majalisa da waya a hannu. Karin kumallonsa a teburin mai shayi ne, kofi guda cokalin sukari huɗu da madara da burodi. Da rana taliya da lemon kwalba. Miyar gida kuma an jefa mata magi biyar an ƙara gishiri an sa kanwa, alhali gishirin da aka yarda babban mutum ya ci a yini duka, na miya da na burodi da na tsire, bai kai giram 5 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi guda. Sai dai kada wani ya ɗauka wanda ya tsaya a gona ya tsira. Dattijon da muka ba da labarinsa manomi ne. Akwai gado a cikin abin, akwai shekaru, akwai ciwon ƙoda. Shi ya sa ba a gane shi da ido, sai da awo.

To me ya sa muke cewa a filin motsa jiki? Saboda namiji a ƙasar nan ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa. Matanmu, albarkacin awon ciki, ana ɗaura musu wannan na'ura ko da sau ɗaya ne a shekara biyu. Shi kuwa namiji in kansa ya yi ciwo kyamis zai je ya ce a haɗa masa na ɗari biyu, ya kora da ruwan leda ya koma bakin aiki. Wa zai bar nemansa na yini ya je ya bi layin yankar kati alhali ba abin da ke damunsa? Amma wannan mutumin da ba za ka same shi a asibiti ba, za ka same shi a fili duk mako, da kansa ya zo, ba a biya shi ba, kuma yana tare da mutanen da yake jin maganarsu. In dai ana son a kama ciwon da ba ya kai mutum asibiti sai ya gama ɓarna, to dole a bi mutumin inda yake.

Ba mu ne muka fara wannan tunani ba, kuma hikima duk inda take kayan mumini ce. A birnin Los Anjalis na Amurka, inda baƙaƙen fata maza suka yi fice wajen hawan jini da ƙin zuwa asibiti, likitoci sun bi su shagunan aski guda 52. An buga sakamakon a 2018. Mutum 319 aka bi har wata shida. Waɗanda mai askinsu ya yi musu nasiha kawai ya ce su je su ga likita, lambarsu ta sama ta sauka da kamar 9. Waɗanda kuwa aka kawo musu masanin haɗa magunguna har cikin shagon, yana auna su yana daidaita musu magani tare da sanin likitocinsu, tasu ta sauka da 27. A Sikotland kuma ƙungiyoyin ƙwallo 13 ne suka buɗe filayensu ga magoya bayansu masu ƙiba 'yan shekara 35 zuwa 65, aka yi musu horon mako 12 kan tafiya da gyaran ci. Mutum 747 ne suka shiga binciken, kuma bayan shekara guda, kamar yadda aka buga a 2014, waɗanda aka horar sun fi sauran rage nauyi da kusan kilo 5. Waɗannan mutane ne da ba za su taɓa zuwa ajin rage ƙiba a asibiti ba, amma da aka ce a filin ƙungiyarsu ne sai suka yi tururuwa. 'Yan uwa su lura da darasin shagon askin nan da kyau, domin shi ne ƙashin bayan maganarmu: awo da nasiha kaɗai amfaninsu kaɗan ne. Abin da ya saukar da jinin shi ne bibiya da magani.

A Kano akwai gidajen motsa jiki na zamani masu injuna, irin wanda ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya buɗe a Hotoro a 2017, kuma muna fata su ma su riƙa auna duk wanda ya zo yin rajista kafin su ɗora shi a kan inji. Amma ɗan Gayawa ko Yadakunya ba can zai je ba. Namu gidan motsa jikin shi ne filin firamare da bakin hanya, nan ne kuma aikin ya hau kanmu.

Aikin ba shi da wuyar da ake zato, amma yana da ƙa'ida, in aka saɓa ta sai a tsorata masu lafiya a sallami marasa lafiya. Na'urar da za a saya ta zama mai ɗaurin damtse ce, kada a sayi ta wuyan hannu, kuma a nemi babban maɗauri saboda masu kaurin hannu, don ƙaramin maɗauri a babban damtse yana ƙara lamba. Kafin a fara gudu ake awo, ba bayan an gama ba. Mutum ya zauna a kujera ko benci ya jingina bayansa minti 5, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai ƙirjinsa, ba ya magana. Kada ya kasance ya ci goro ko ya sha shayi ko taba cikin rabin sa'ar da ta wuce. A auna sau biyu da ɗan jinkiri a tsakani, a rubuta. In lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, ba a cewa yana da hawan jini nan take, sai a sake aunawa wata rana dabam, in ta maimaita a haɗa shi da asibiti. Wanda tasa ta kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, wannan ranar babu gudu babu ɗaga ƙarfe, a raka shi wurin likita a ranar, ko da ya rantse garau yake ji. Awon ƙiba kuwa ba ya buƙatar sikeli. A sami igiya a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya kaɗan. In ba ta haɗu ba, teɓa ta yi yawa, ko da sauran jikin siriri ne.

Gwajin suga ya fi wannan haɗari domin akwai huda yatsa. Kada wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya taɓa shi. Alhamdu lillahi a cikin 'yan uwa akwai ɗaliban makarantun jinya da na kiwon lafiya, akwai ma'aikatan ɗakin gwaji, su za a ba wannan. Allura ɗaya mutum ɗaya, a jefa ta cikin gwangwani mai murfi, domin ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi, kada a je neman lada a kwaso zunubi. Wanda aka gwada bai ci komai ba tun dare aka ga 126 ko sama da haka (7.0 ke nan a na'urorin da ke lissafi da ɗaya ma'aunin), sai a tura shi asibiti a tabbatar.

Akwai abu biyu da muke jan kunnen 'yan agaji a kansu da babbar murya. Na farko amana. Littafin da za a rubuta sunaye da lambobi ya zauna a hannun mutum ɗaya, kuma abin da aka gani a hannun ɗan uwa ba labarin majalisa ba ne. Mun san garinmu. Yau in aka ji wane yana da suga, gobe magana ta kai gidan da yake neman aure, jibi kuma ba wanda zai sake miƙo hannunsa. Na biyu, ɗan agaji ba likita ba ne. Riƙe na'ura na wata uku ba ya ba mutum izinin cewa sha wannan, bar wancan. Kuma na'urar ba ta ganin komai da komai. Akwai cututtukan zuciya da ake haihuwar mutum da su waɗanda ba ta nunawa. Saboda haka duk wanda ya taɓa suma yana gudu, ko yake jin ƙirjinsa na matsewa, ko wani a gidansu ya mutu farat ɗaya yana matashi, a dakatar da shi ya je a duba zuciyarsa, ko da lambarsa ta yi kyau.

Sai babban aikin, wato abin da ke biyo bayan awo. Tun daga ƙarshen 2020 Jihar Kano ta kasance ɗaya daga jihohi biyu, ita da Ogun, da aka fara gwada shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitocin matakin farko, inda aka horar da ma'aikata su fara ba da magani bisa tsari mai sauƙi, ana farawa da ƙwaya guda ta amlodifin a rana. Ma'anar wannan ita ce ba kowane mai hawan jini ne sai ya je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ba. Shugabannin kowane fili su taka da ƙafarsu zuwa asibitin da ya fi kusa da su, su gana da mai kula da shi, su ji wace rana ake ganin masu wannan ciwo, sannan duk wanda aka tura a haɗa shi da ɗan rakiya. Bayan nan a riƙa tambayarsa duk mako: ka sha? Ya ƙare? Da me za ka sayi wani? Domin inda mutanenmu ke faɗuwa ke nan. Mutum zai sha magani wata guda, a auna a ga jini ya sauka, sai ya ce ya warke ya ajiye. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka bari zai koma inda yake. Ga kuma masu motoci da lasifika a bakin kasuwa suna rantsuwa cewa gora ɗaya tana raba mutum da suga da hawan jini har abada. Da gaskiya ne da su kansu ba su tsufa a bakin titi ba.

Wani zai ce ina tawakkali? Ciwo da lafiya ba na Allah ba ne? Na Allah ne, babu mai ja. Amma wanda ya faɗi haka ba ya barin gonarsa ba noma ya ce abinci na Allah ne. Ba mu hana addu'a ba, ba mu hana ruƙiyya ba, mu ma da su muke kwana muke tashi. Abin da muke cewa shi ne in bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe, a yi masa addu'ar a cikin mota ana kan hanyar asibiti, domin a wannan ciwo sa'o'in farko su ne komai. Haka nan mai suga da ke shan magani ko allurar insulin, ya ga likita kafin Ramadan, kuma in ya gwada ya ga sugansa ya faɗi ƙasa da 70, to ya san shari'a ba ta ce ya kashe kansa ba.

Shi kansa motsa jikin magani ne, ba wurin tara jama'a don awo kawai ba. Abin da masana suka tsayar ga baligi shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ƙaru, wato rabin sa'a sau biyar. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 da suke dab da kamuwa da suga, ya nuna waɗanda suka yi wannan tafiya suka kuma rage ƙiba kaɗan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali waɗanda aka ba ƙwaya nasu ya ragu da kashi 31. To a nan sai mu duba kanmu. Gudun mutuwa ranar Lahadi kaɗai, sauran kwana shida a zaune, bai cika wannan sharaɗi ba. Kuma tsarin filayenmu na yanzu na 'yan ashirin ne, wanda ya ba arba'in baya in ya zo sau ɗaya ya ga ana tsere ana yi wa na baya dariya, ba zai dawo ba, alhali shi ya fi kowa bukata. A buɗe sahu na biyu na tafiya da sauri, ba gudu, a sa mai haƙuri ya ja shi. Mai suga ya zo da takalmi mai rufi, kada ya taka fili da ƙafa ba komai, ya kuma sa dabino a aljihu saboda jiri. Mai hawan jini da aka riga aka daidaita ya yi gudunsa, amma ya bar ɗaga ƙarfe mai nauyin da sai an riƙe numfashi ana nishi, don a wannan lokaci jini yana tashi ƙwarai.

Bari mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci ga waɗansu masu ɗaga ƙarfe da 'yan ƙwallo. Muna da labarin abin da ake haɗiya kafin a shigo fili, daga tiramol zuwa lemon ƙara kuzari gwangwani biyu uku, da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofinak da ake sha kullum kamar gyaɗa. Na farkon haramun ne ba sai mun tsaya ja ba. Na ƙarshen kuwa yawan shansa yana tayar da jini yana cin ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa raka mara lafiya wankin ƙoda ya san ko gidan mai hali sai ya girgiza.

Kada kuma abin ya tsaya a kanmu. Mafi yawan masu karanta wannan shafi in an auna su za a samu lafiya lau, in sha Allahu. Waɗanda ke cikin haɗari suna gida: Baba da Inna, da kawu, da malamin da ya koya mana alif. Mun san da nauyi yaro ya ce wa mahaifinsa kawo hannunka. To a bi ta hanyar da ta dace, a fara da liman da mai unguwa a gaban jama'a, in suka miƙa hannu sauran dattawa za su miƙa. Na'urar kuma kada a kulle ta a akwati daga Lahadi sai Lahadi. A ba 'yan uwa mata masu ilimin abin su shiga da ita gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure, tunda su ke riƙe da ludayin miya, maganar gishiri da magi in ba ta isa gare su ba to ba ta isa ko'ina ba.

Duk wannan ba yana nufin mun sauke wa masu mulki nauyin da ke kansu ba ne. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin ya shafe fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, talakan da ya zaɓe shi kuwa yana auna tsakanin kwanon masara da katin magani. Bayan cire tallafin mai da karyewar naira a 2023 kuɗin magunguna ya yi tashin da ya sa da yawa suka koma shan ƙwaya yau su tsallake gobe. A ƙarshen Oktoban 2024 kwamishinonin lafiya na jihohi sun yi gangamin mako guda na auna mutum miliyan 10, abu ne mai kyau, amma muna tambaya: wanda aka gaya wa jininsa ya hau a wancan mako, wa ya sake neman sa? Ciwon da ake zama da shi har ƙarshen rai ba a yi masa bikin mako guda. Za mu ci gaba da faɗin wannan. Sai dai ba za mu zauna jiran su ba alhali iyayenmu na faɗuwa a bakin buta.

Saboda haka muna kira ga masu jagorancin kowane fili, daga Tudun Fulani har Zango, da su zauna a wannan mako. Kuɗin da ake tarawa na sayen ƙwallo da riguna, a karkatar da na wata ɗaya ko biyu a sayi na'ura da batir da littafi, a kuma buɗe ɗan asusu saboda ɗan uwan da maganinsa zai yanke. A nemi ma'aikacin lafiya guda da zai tsaya a kan abin, a kai masa na'urar ya gwada ta da ta asibiti kafin a fara. Ranar da za a fara, a zo da benci da tebur a ajiye a inuwa tun kafin jama'a su taru, kuma mai busa usur shi zai fara naɗe hannun riga.